Ciwon Yaya Mairo da Allurar Rabi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba mu Yaya Mairo kuma Ya karɓi abarSa. Tun da ta rasu, duk matar da ta zo gaisuwa ta tambayi abin da ya yi ajalinta, sai dangi su ce ciwon ciki, a wuce wurin. Ba ciwon ciki ba ne. Sankarar bakin mahaifa ce. Ni na yi jinyarta daga farko har ƙarshe, na ga abin da ɓoyo da jira suka jawo mana, shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya kasance, ko wata za ta ji ta tashi da wuri.

Sunana Hajara, ɗinki nake yi a gidana nan cikin Daura. Yaya Mairo ce babba a ɗakinmu, ita ta ƙarasa rainona bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tana aure a wani ƙauye gefen Zango. Mijinta, Malam Sani, dillalin shanu ne, ita kuma sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mace ce mai jiki, mai babbar murya, in tana tuya maƙwabta na jin dariyarta ta kan katanga. 'Ya'yanta maza sun girma, mace ɗaya gare ta, autarta Rabi, mai shekara goma sha huɗu, tana ƙaramar sakandare.

Bayan an gama girbin gyaɗa abin ya fara, yadda ta ba ni labari daga baya. Jini ya riƙa zuwa mata ba lokacinsa ba, ya ɗauke, ya dawo. Ta ɗauka al'ada ce ke yi mata bankwana, tunda shekarunta sun kai. Abin da ya dame ta sallah ce kawai, don haka ta je ta tambayi malamar Islamiyyarsu. Malama ta ce jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta yi sallarta, sannan ta je asibiti a duba ta. Yaya ta ɗauki rabin maganar na farko ta bar na ƙarshe.

Ni ban sani ba sai ranar da ta kawo mini atamfa in ɗinka mata na wani biki. Da na zagaya tef a ƙugunta na ga awon da na sani shekara da shekaru ya ragu sosai. Ta sha turare fiye da yadda ta saba, amma akwai wani wari a ƙarƙashinsa da turaren bai rufe ba. Na ce ta zauna bakin gado, ta ƙi, ta jawo kujerar tsuguno. Na kori yara waje na rufe ƙofa, sannan ta faɗa mini. Ta ce yanzu har da wani ruwa-ruwa, ga ciwon baya da ba ya barinta ta daɗe tsaye gaban kasko. Ta roƙe ni kada in gaya wa kowa.

Na gaya wa Malam Sani a makon nan, kuma daga nan likitocin gida suka fito. Goggo Hansai, ƙanwar mahaifinmu, ta ce sanyin mara ne, ta kawo sassaƙe a dafa a sha da bagaruwa a zauna ciki. Wata ta ce basir ne ya bi ta gaba. Wani ɗan uwan mijin ya ce a binciki masu sana'a irin tata, don ciniki na jawo hassada. Mai kemis na ƙauyen ya yi mata allurai, jinin ya ɗan tsaya, kowa ya ce an samu sauƙi. Malam Sani ba mugu ba ne, amma mutum ne da ba ya son jin kalmar asibiti. Kullum maganarsa a bari a ga yadda wannan maganin zai yi. Haka muka ci makonni muna gani.

Ranar da ta yanke jiki ta faɗi wajen matsar mai, ranar aka ɗauko ta a mota zuwa Daura. Washegari mun isa asibiti da sassafe, amma layin yankar kati kaɗai ya kai mu hantsi, layin ganin likita ya kai mu bayan azahar, tana kwance kan benci da kanta a cinyata. Likita ya ja fatar idonta ya duba, ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, a nemo masu bayarwa. 'Ya'yanta maza suka bayar, Allah Ya yi musu albarka. Da ta ɗan farfaɗo aka duba ta ciki, likitan ya fito fuskarsa ta sauya, ya ce abin ya fi ƙarfin nan, mu wuce Katsina.

A Katsina aka yanki 'yar tsoka aka tura gwaji, aka ce mu jira sakamako. Jiran nan ya fi komai cin rai. Yau a ce bai dawo ba, gobe a ce mai sa hannu ba ya nan. Ga shi an riƙe ta a gado saboda jinin ba ya tsayawa. Ni kaɗai ba zan iya ba, ina da miji da ƙananan yara a Daura, sai aka ciro Rabi daga makaranta ta zo muka riƙa karɓa-karɓa. Yarinyar nan ita ke wanke zannuwan uwarta a famfon bayan ɗakin marasa lafiya, ta shanya, ta tsaya tana gadi kada a kwashe. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Wata likita ce, matashiya mai sanyin magana, ta gaya mana sakamakon. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce sankara ce a bakin mahaifa, kuma ta riga ta fita daga inda za a iya yankewa a cire. Ta ce da an zo tun farkon ganin jinin, da maganar ta bambanta. Wata ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, sunanta HPV, tana iya zama a jikin mace shekaru masu yawa ba a sani ba. Can likitar ta waiwaya ta ga Rabi tsaye da bokiti a bakin ƙofa, ta tambayi shekarunta, ta tambaya ko an yi mata allurar riga-kafin wannan ciwo.

Muka kalli juna. Ba mu taɓa jin akwai ta ba.

Likitar ta ce akwai, kyauta ce, ta 'yan mata ce daga shekara tara zuwa sha huɗu. Ta ce a wasu wurare da sai an yi sau biyu, amma yanzu sau ɗaya ta wadatar, kuma ma'aikata sun bi makarantu suna yi ba da daɗewa ba. Sai ta faɗi maganar da har gobe tana kaina: "Wannan ciwon yana da riga-kafi, amma ba na wadda ya riga ya kama ba. Uwar za mu yi iyakar ƙoƙarinmu. 'Yar kuwa kada ku bari ta wuce."

Da yamma Rabi ta kira wata ƙawarta ta waya. Ƙawar ta ce ai an zo makarantarsu, an yi wa duk wadda iyayenta suka yarda, har an kira sunan Rabi aka ce ba ta nan. Wato a makon da ake yi wa 'yan ajinsu allurar, ita tana Katsina tana wanke jinin ciwon da allurar ke karewa. Na fita waje na zauna kan dakali na rasa da wa zan yi faɗa.

Na koma wajen nas na ce tunda ga mu cikin asibiti, a yi mata mana. Ta ce nan magani ake yi, riga-kafi kuwa sai ƙaramin asibiti na unguwa, in mun koma gida mu nema. Na ɗauka abu ne na yini ɗaya.

Kafin mu koma gida labari ya riga mu, kuma ya isa a karkace. Wani ya ji cewa ƙwayar cutar ta hanyar kwanciyar aure ake ɗaukarta, sai aka fara raɗe-raɗin cewa ciwon matan banza ne. Yaya Mairo, wadda tun tana budurwa ba ta san ɗakin kowa ba sai na mijinta. Likitar ta riga ta gaya mana cewa matan aure na kirki da yawa suna kamuwa, kuma ba a iya sanin yaushe ko ta ina, amma wa zai bi gida-gida yana bayani? Daga nan ne dangi suka yanke shawarar a riƙa cewa ciwon ciki. Ita kuma allurar, Goggo Hansai ta ce ta ji a gidan suna cewa ta hana haihuwa ce, in ba haka ba me ya sa 'yan mata kaɗai ake nema, kuma me ya sa kyauta? Malam Sani ya ji wannan, ya ce a dakata da maganar Rabi tukuna.

Ranar da ya zo duba ta, Yaya ta sa na tayar da ita zaune na jingina ta da filo. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Malam, dube ni da kyau," in ji ta. "Kai ka san yadda nake da. Ni ban san abin da allurar nan ke yi ba, amma na san abin da ciwon nan ke yi. Ko da gaske ne abin da Goggo ta ji, gara Rabi ta zauna ba ɗa da ta kwanta inda nake kwance. Kuma likita ta ce ƙarya ne. Ka ba ni wannan ɗaya."

Sannan ya ce, "Na ba ki. Hajara ta kai ta."

Aka ce Yaya na bukatar gashi, wato a gasa ciwon da na'ura, haɗe da wani ruwan magani mai ƙarfi, kuma na'urar sai wani babban asibiti a wajen jihar. Malam Sani ya sayar da shanun da yake kiwo na kansa, aka sayar da injin markaɗen Yaya, ni kuma masu kawo mini ɗinki suka fara zuwa suna karɓe yadinsu don na daina cika alkawari. Muka je. Aka ce akwai mutane da yawa a gabanmu, aka ba mu lokaci. Lokacin ya zo muka koma, aka ce na'urar ta lalace, ana jiran mai gyara. Mun kwana a barandar asibiti tare da mata daga garuruwa daban-daban, kowacce da irin warin da na fara ji a ɗakin ɗinkina, kowacce da 'yar uwa ko 'ya a gefenta. Ruwan maganin dai an sa mata, ya zubar mata da gashi, ya hana ta cin abinci, ko kunu ta sha sai ya dawo. Gashin na'urar kuwa ta samu kaɗan, aka sake tsayawa. Daga ƙarshe wani likita ya kira ni gefe ya ce mu kai ta gida, a riƙa ba ta maganin rage zafi.

Gidana na kawo ta, don ya fi kusa da asibiti. A tsakanin wanka da juyi da ba da magani na shiga neman allurar Rabi, kuma a nan na ga abin da ya fi ba ni haushi a duk jinyar nan.

Na fara da makarantarsu. Shugabar ta ce ma'aikatan sun zo sun tafi, zagayen makarantu na ɗan lokaci ne, yanzu an mayar da abin ƙananan asibitoci. Na kai Rabi ƙaramin asibitin unguwarmu, aka ce ba yau ce ranar riga-kafi ba. Muka koma ranar, muka bi layi a bayan masu jarirai, da muka isa gaba aka ce ta ƙare, ana jiran a kawo. Mako na gaba wata ma'aikaciya daban muka tarar, ta ce tunda an gama zagayen farko, yanzu 'yan shekara tara kaɗai ake yi wa. Na ce likita ta ce har sha huɗu. Ta ce ita dai abin da aka gaya mata ke nan, amma in gwada can wajen Zango, tunda can yarinyar take. Na bar Yaya a hannun maƙwabciyata, muka hau babur har can. Ma'aikacin da muka samu mutumin kirki ne, ya ce shi a saninsa Rabi ta cancanta, sai dai firjinsu ya samu matsala an kwashe alluran an mayar cikin gari, mu nema a Daura. Daga Daura aka turo mu, Daura aka mayar da mu.

Ba na cewa ma'aikatan nan mugaye ne. Wasunsu har haƙuri suka ba ni, kuma na ga yawan mutanen da ke kansu. Amma an sauya inda ake yin abu, an sauya waɗanda ake yi wa, ba a gaya wa iyaye ba, su kansu masu yin ba bakinsu ɗaya ba. Wanda ya tsara a bi makarantu ya yi tunani mai kyau, sai dai bai tuna da yarinyar da ba ta zo ranar ba. Kuma wace yarinya ce ba ta zuwa makaranta? Wadda ke talla, da wadda ke gona, da wadda ke jinyar uwarta. Ga Rabi kuma tana dab da cika sha biyar, kowane mako da ya wuce ina jin kamar ana rufe mana ƙofa a hankali.

Yaya kuwa kullum da safe, in na shigo da ruwan ɗumi, tambayarta ɗaya ce: an yi mata? In ce tukuna. Ta rufe ido. Jikinta ya ƙare har ina ɗaga ta ni kaɗai, matar da da sai mu biyu. Ƙafafunta suka kumbura. Maganin rage zafin mai ƙarfi ba kullum ake samunsa ba, ranar da babu sai ta cusa bakin zane a baki don kada yarana su ji. Ba zan manta da alherin maƙwabciyata Larai ba, wadda ba dangin iya ba na baba, amma ta riƙa shigowa tana taya ni wanki ba ta taɓa toshe hanci ba. Da mijina, da ya bar mana ɗakinsa ya koma zaure bai ce uffan ba. Da wata nas da ke biyowa bayan ta tashi aiki ta gyara mata robar fitsari. Allah Ya saka musu. Dangin da suka fi kowa yawan shawara a farko kuwa, da warin ya yi ƙarfi daga bakin ƙofa suke gaisuwa.

Goggo Hansai ta ja ni gefe wata rana ta ce in ce wa Yaya an yi kawai, hankalinta ya kwanta, ai ba za ta tashi ta bincika ba. Na so in yi, wallahi na so. Rabi ce ta hana. Ta ce, "Anti, in kika ce an yi, Umma za ta ce in nuna mata wurin. Ni ba zan iya yi mata ƙarya tana wannan halin ba."

Safiyar ƙarshe da ta yi magana sosai, ta sake tambaya. Na ce ba a yi ba, Yaya, amma ba zan bari ba. Ta ce ta sani. Ta ce in gaya wa Malam ya tuna cewa ya riga ya ba ta wannan ɗaya. Bayan kwana kaɗan ta cika, da hantsi, farkon damina, Rabi na riƙe da hannunta.

A ƙauyensu aka yi zaman makoki. Muna cikin kwanakin karɓar gaisuwa sai muka ji mai shela yana zagayawa, wai mai unguwa na sanarwa ma'aikatan lafiya sun zo makarantar Islamiyya, za su yi wa 'yan matan da ba su samu allurar sankarar mahaifa ba, daga tara zuwa sha huɗu, yau kaɗai. Ba wanda ya san za su zo. Na bi garuruwa ina neman allurar, ga ta ta zo da ƙafarta har bakin ƙofa, uwar na cikin ƙasa.

Na miƙe na ɗauki mayafina na ce Rabi ta tashi. Aka fara magana ƙasa-ƙasa a ɗakin. Goggo ta ce wane irin abu ne wannan, 'yar mamaciya ta bar tabarmar makoki ta tafi wajen allura, mutane za su ce me? Ta ce a bari a share makoki. Na ce mai shela ya ce yau kaɗai, kuma ni na gaji da a bari. Muryata ta ɗaga fiye da yadda ya kamata a gidan rasuwa, har aka ji a waje.

Sai ga Malam Sani ya yi sallama a bakin ƙofa. Ya baro maza a rumfa, idanunsa jajur. Bai kalli kowa ba.

"Rabi, sa hijabinki," in ji shi. "Hajara, zauna ki karɓi gaisuwa. Ni zan kai ta."

Ya tayar da babur a gaban duk masu gaisuwa, ya ɗauki 'yarsa suka tafi. Ba su daɗe ba suka dawo. Ko shayin da aka ɗora bai tafasa ba. Rabi ta shigo ta zauna kusa da ni, ta ɗaga hannun riga ta nuna mini damtsenta. Ɗan ɗigo ne kawai, sai ka matsa kusa za ka gan shi. Na dube shi, na tuna wata nawa muka yi muna bin wannan ɗan ɗigon, sai kukan da ban yi ba ranar jana'iza ya zo mini.

Rabi ta koma makaranta, tana maimaita aji. Jikokin Goggo mata har yau ba a yi musu ba, na yi magana har na gaji. 'Yata Ummi za ta cika tara bana, kuma in kun tambaye ni yanzu a ina za a yi mata, makaranta ko asibiti ko Islamiyya, ban sani ba, sai na sake bin layi na tambaya. Ina roƙon masu tsara abin nan su tsayar da wuri ɗaya da magana ɗaya, su faɗa a masallaci da rediyo da gidan suna, tun kafin ranar ba a ranar ba. Ku kuma 'yan uwana mata, jinin da ya zo ba lokacinsa ba, kada ku tsaya tambayar hukuncin sallarsa kaɗai. Ku je a duba ku tun kuna tafiya da ƙafafunku.

Allah Ya jiƙan Yaya Mairo, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ya raya mata Rabi.